Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan uwa.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban aikinmu na bana shi ne na Ranar Muhalli ta Duniya, 5 ga Yuni. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta ware ranar a 1972, shekarar da aka yi taron muhalli na ƙasar Suwidin. Bana Koriya ta Kudu ce mai masauki, taken kuma yaƙi da sharar roba da leda. Taken ya zo mana daidai. Duk wanda ya taɓa leƙa kwalbati a Tudun Wada ko Sabon Gari a nan Zariya bayan ruwan Agusta ya san ledar fiya wota ce ke toshe shi, wadda ta wuce kuma a kogin Kubanni take ƙarewa.

Ranar ta faɗo Alhamis, ranar Arfa, jajibirin Babbar Sallah. Wasu sun ce a ɗage, kwamiti ya ƙi, kuma Alhamdu lillahi ba mu yi da-na-sani ba. Da yake yawancinmu na azumi, ana idar da Asuba aka fito da cebur, manjagara, baro da buhuna, kafin hantsi ya dubi ludayi an tashi. Daga ƙasan magudana aka fara yasa ana hawowa sama, don ruwan da ya kwanta ya samu hanya. In aka fara daga sama, dagwalon kan masu aiki yake gangarowa. An ware leda da gorunan roba daban. Gorunan 'yan gwangwan suka saya, kuɗin aka biya hayar baro da shi. Ba a ƙona leda ko ɗaya ba, hayaƙinta guba ne ga ƙirji. Laƙar da aka fitar an bar ta ta tsane zuwa La'asar, sannan aka kwashe kafin Magariba. Kuskuren da ake yawan yi ke nan a gari: a yashe kwata a tara a bakinta, ruwan dare ɗaya ya mayar da komai ciki. Kowa ya sa safar hannu da takalmin roba saboda fasassun kwalabe, ba wanda ya ji ciwo. Washegari masu zuwa Idi sun bi hanya a bushe, kuma har damina ta fita ruwa bai shiga gidajen layin da aka yashe ba. Muna godiya ga mai unguwa da limamin da ya yi sanarwa, da matasan da ba ma 'yan ƙungiya ba ne amma suka riga wasu 'yan ƙungiya fitowa.

Sai batun dashen itatuwa, wanda ake ta ƙorafi a kansa. Da gangan ba a dasa ranar 5 ga Yuni ba. Ruwan farkon Yuni a Zariya yakan ɗauke, dashe ya ƙone, shi ya sa aka jira Yuli da damina ta zauna. An yi komai bisa ƙa'ida: rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, ƙasar sama a cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A yanke ledar reno a cire, kada a binne wuyan dashen. Maɗaci da darbejiya aka sa a bakin hanya, taku goma tsakani, mangwaro da zogale a cikin gidaje. Na cikin gidaje suna nan lafiya. Na bakin hanya kuwa awaki sun cinye mafi yawa tun da aka sako dabbobi bayan girbi, saboda ba keji. Kuɗin wayar keji daga kuɗin wata zai fito, waɗanda suka biya cikakke kuwa ba su kai rabinmu ba. Kwamiti ba zai kare itace da alƙawari ba. Gandun reno da muka ce za mu kafa shi ma nan ya tsaya: an samu fili, ba a samu kuɗin leda, raga da tankin ruwa ba.

Gaskiya ɗaci gare ta. Akwai waɗanda ba a ganinsu sai a WhatsApp, su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana, amma ma'aji ya kira su sau uku ba su ɗauka. Wanda ba shi da hali ya faɗa, ba abin kunya ba ne, akwai aikin ƙarfi.

Yanzu hunturu ya shigo. Kowane dashen da ya rage yana buƙatar jarka ɗaya ta lita 25, sau biyu a mako, har ruwa ya sauka, a kuma rufe gindinsa da ciyawa don danshi ya daɗe. Takardar rabon ban ruwa tana wurin sakatare. Masu bashin kuɗin wata su kai wa ma'aji kafin taron Janairu, a ranar za a karanta sunaye.

Wassalam.