Mai jifa ta biyu ita ma tana da haƙƙin shiga fili

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka ƙarami, amma ni ya hana ni sukuni tun da yara suka koma makaranta a watan Oktoba. Ƴata tana cikin ƙungiyar ƴan mata ta wasan sofbol da wani malamin motsa jiki ya kafa a makarantarsu a nan Damagaram, kuma ita ce mai jifa ta farko. Akwai wata yarinya sa'arta da ke neman wannan gurbi, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ga wanda bai san wasan ba, kowace ƙungiya ƴan wasa tara take shigarwa, amma ragamar wasan tana hannun mai jifa. Tana tsayawa a tsakiyar fili, kimanin mita 13 daga mai bugu, ta kewaya hannunta kamar mai wulwula majajjawa, sannan ta saki ƙwallo daga ƙasa, daidai kwankwaso. Zagaye bakwai ake yi, kuma babu wadda za ta motsa sai ta jefa, shi ya sa duk yarinya mai ƙarfin hannu take kwaɗayin wurin.

Tun bara ƴata ce ke jifa a kowane wasa daga farko har ƙarshe, ɗayar kuwa tana zaune a gefe, ko da yake ba ta taɓa fashin atisaye ba. Kwanan baya na haɗu da mahaifiyarta a wajen wani suna a Zango, sai ta ce da ni: "Yaya, in dai zama za ta riƙa yi a bakin fili, gara ta zauna gida ta taya ni aiki." Na rasa amsar da zan ba ta. Duk wanda ya san wahalar da ake sha kafin uba ya yarje wa ƴarsa mai shekara goma sha biyar ta fita wasa bayan la'asar, ya san cewa ranar da aka janye ta, da wuya ta sake komawa.

Ita ma ƴata ba ta tsira ba. Takan dawo gida kafaɗarta na zogi, in shafa mata man kaɗanya, ta roƙe ni kada in gaya wa Malam mai horar da su, don tana tsoron idan ta huta wasa ɗaya za a ba wata wurinta. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa yarinya guda wannan nauyi ba, alhali ga wadda za ta karɓe ta.

Ko manyan ƙasashen da suka ƙware a wasan ba sa dogara da hannu ɗaya idan suna da na biyu. A gasar Olamfik ta Bejin a 2008, Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 cikin kwana biyu har ƙasarta ta doke Amurka ta ɗauki zinariya, kuma duniya ta yaba da juriyarta. Amma a wasan ƙarshe na gasar Tokiyo da aka yi a 2021, lokacin tana da shekara 39, an fitar da ita a zagaye na shida aka shigar da Miu Goto mai shekara 20, sannan Ueno ta dawo ta ƙarasa na bakwai, Japan ta ci 2 da nema. Babu wanda ya ce an ƙasƙantar da Ueno.

Roƙona ga masu horar da ƴan matanmu shi ne su riƙa yin gwaji a bainar ƙungiya, ko da sau ɗaya a wata, kowace yarinya ta yi jifa ashirin, a ƙirga nawa ne suka faɗa inda ake so, a rubuta a littafi. Wadda ta fi ta fara wasa, amma ta biyun a ba ta zagaye biyu ko uku, a wasan gaske, ba sai an riga an yi nasara ba. Mu iyaye kuma mu daina bin malami gida da dare muna kamun ƙafa, ko muna tuna masa wanda ya sayo safar hannu da ƙwallaye. Yaran suna ji, kuma shi ke jefa gaba tsakanin ƴan matan da suke tafiya makaranta tare tun suna firamare.

Na gaya wa ƴata cewa gobe da kanta za ta faɗa wa Malam halin da kafaɗarta ke ciki, in ba haka ba ni zan je in faɗa. Na kuma roƙi mahaifiyar ƙawarta ta ƙara haƙuri na wata guda, ta zo mu je tare mu kalli wasan ranar Asabar.

Na gode.

Wata uwa,
Unguwar Birni, Damagaram