Wasiƙa zuwa ga aminina kafin tafiyarsa Jidda

Daga ƙauyenmu,
Ƙaramar Hukumar Ringim,
Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da iyali da sauran mutanenmu na Agege. Mu nan alhamdulillahi, gero ya shiga rumbu, dawa ake jira. Na ji bizar aikinka ta Saudiyya ta fito, Allah ya sanya alheri, ya sa tafiyar ta zama sanadin buɗi.

Ka ce in je wurin Inna in kwaso duk takardunka in ba direban motar Legas ya kawo maka. Na je, na kwaso, amma ban ba kowa ba tukuna, kuma ba zan aiko da su duka ba sai ka ji dalilina. Da gangan na zaɓi rubutu, don na san halinka a waya, ana magana kana "to, to", da ka ajiye shi ke nan.

Suna cikin akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gadonta, ta naɗe su a tsohon ɗankwali. Akwai satifiket ɗinka na firamare da na WAEC, da takardar haihuwa, da ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, da takardar gonar fadama wadda dagaci ya sa wa hannu. Bangon ɗakin bai rabu da danshi ba tun ambaliyar 2022, gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje, gara ta samu hanya. Ta ci gefen takardar gonar har ta taɓa sunan shaida na biyu, Allah ya taimaka ba ta kai ga hatimi ba. Na shanya su a inuwa, na sa kowace a ledarta, na sayo bokitin roba mai murfi na rataye shi a sama. Inna sai faɗa take yi wai na mai da takardun ɗanta kamar daddawa.

To yanzu ka gaya mini, me takardar gona za ta yi maka a Jidda? Wa zai tambaye ka satifiket ɗin firamare a can? Duk abin da ka ɗauka ya zama kayan da za ka yi gadinsa a ɗakin da wataƙila ku shida ne a ciki, ba ka san halin kowa ba. Ka tuna yaranmu da ke karatu a Sudan lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Da jaka ɗaya aka fito da su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can cikin rana kafin a bar su su wuce. Wanda ya kai dukan takardunsa Khartum kuma bai samu damar komawa ɗakinsa ba, a can ya bar su. WAEC kuwa ba ta buga wa mutum satifiket sau biyu, sai dai ta ba ka takardar tabbatar da sakamako, bayan ka yi rantsuwa a kotu ka karɓo rahoton 'yan sanda. Saboda haka ka tambayi kamfanin da zai ɗauke ka aiki ainihin abin da suke son gani. Wanda suka ambata shi zan aiko, sauran su zauna gida. Kuma in na aiko kada ka kai a yi masa leminetin. Idan aka bukaci tantancewa a Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja, a jikin takardar ake buga hatimi, roba ba ta karɓar tawada, ɓare ta kuma sai ta tafi da rubutun.

Babbar maganar ita ce fasfo. Ka buɗe shi yau ka duba ranar ƙarewarsa, domin ana son ya kasance da sauran aƙalla wata shida ranar da za ka shiga ƙasar, kuma kai da za ka yi shekaru gara a ce da sauransa da yawa. Mai shafi 32 shekara biyar yake yi, mai shafi 64 shi ne ake samu na shekara goma. Ka duba ko sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na NIN harafi da harafi. Mu nan da ake rubuta wa mutum Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, mun sha ganin yadda harafi ɗaya ke tsayar da tafiya.

Ranar tashi kada fasfo ya shiga jakar da za a yi wa awo. A jikinka zai kwana, shi da katin rigakafin shawara da takardar kwantiragi. Ka sa tela ya ɗinka maka aljihu mai zif a cikin 'yar shara, ko ka nemi lalita irin ta fataken da. Aljihun gefe na kaftani ba wurin ajiya ba ne, in ka zauna a kujerar jirgi ko ka tsuguna alwala abu zamewa yake yi ba ka ji ba.

Idan ka sauka, akwai yiwuwar kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zuwanka aiki, ko wakilinsa ya ce ka kawo fasfo ya ajiye maka. Za su karɓa don a yi maka igama, wato katin izinin zama a ƙasar, wannan ba laifi, amma da ta fito ka nemi abinka. Dokar Saudiyya kanta ta hana mai ba da aiki riƙe fasfon ma'aikaci, sai dai mutanenmu da yawa kunya da tsoro kan sa su yi shiru. Kada ka rikita wannan da na alhazai, su ana karɓar nasu ne a tsarin aikin Hajji a mayar musu lokacin dawowa. Kai zama za ka yi. Duk ranar da kuka saɓa da wanda ke riƙe da fasfonka, sai yadda ya ga dama da kai. Ka roƙa da ladabi, ka maimaita, in kuma dole ta sa ka bar shi, to ya rubuta maka cewa yana hannunsa ya sa hannu. Igama ita ce za ka riƙa yawo da ita kullum, fasfo kuma ya zauna a akwati mai kwaɗo, makullin a wuyanka.

Kafin ka bar Legas ka yi fotokofin shafin hotonka da biza da kwantiragin, kofi uku. Ɗaya a jakar kayanka, ɗaya wurin maiɗakinka, ɗaya ka aiko mini. Abin lura shi ne kada na ainihi da kofinsa su kwana a jaka ɗaya, don wanda ya ɗauke jakar ya haɗa duka. Ka kuma ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel, ba a waya kawai ba, waya ita ce farkon abin da ake sacewa. Amma don Allah kada ka zuba su a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu don a taya ka murna, lambar fasfo da ta biza ba abin nunawa ba ne. In ƙaddara ta sa ya ɓace, sai ka kai rahoto wurin 'yan sandan can, sannan ka nufi ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke nan Jidda, babban yana Riyad. Suna ba da takardar tafiya ta gaggawa, amma gida kawai take dawo da mutum. Wanda ya zo da kofi da lambar NIN a hannu, aikinsa ya fi sauƙi a kan wanda zai tsaya yana rantsuwa cewa shi ɗan Jigawa ne.

Layin wayarka na nan ma ka ɗauke shi a matsayin takarda. Da shi aka buɗe asusunka na banki, kuma layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani kan karɓe ya sayar wa wani. Ko ka tafi da shi ka riƙa sa masa kati, ko ka bar wa uwar 'ya'yanka.

Saura batun waɗanda za su zauna gida, kuma nan ne nake so ka yi tunani sosai. Na yarda in riƙe, amma ba a ɓoye ba. Ka san takardar gonar fadama ba taka ce kai kaɗai ba a idon yayanka, ko da kuwa kuɗinka ne aka fanshe ta da shi. In ta kwana a ɗakina ba da saninsa ba, gobe za a ce malamin makaranta ya haɗa baki da kai. Rai kuma ba a hannunmu yake ba, ni ko kai. Shawarata a zauna a gaban liman, da Inna da yaya, a lissafa takardun ɗaya bayan ɗaya a rubuce, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a yi kofi biyu. Tun da gara ta taɓa sunan shaida, kuma mutumin yana raye, a je wurin dagaci a sabunta takardar tun yana iya tsayawa ya ce e, a gabansa aka yi. Wannan ya fi komai gaggawa a wurina, don tsohon ya fara jin jiki. Sai dai ba zan je ba sai ka kira yaya da bakinka ka gaya masa, ba daidai ba ne ya fara ji daga wajena.

Ka amsa mini kafin Juma'a, akwai wanda zai shiga Kano ranar Asabar, in akwai abin da za a aiko sai in ba shi ya kai tasha. Inna ta ce in gaya maka ta haɗa maka kuka da kuɓewa busasshiya, na ce mata a bari sai ka tambaya ko ana barin shiga da su. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Wassalam.

Naka,
amininka na gida.