Wasiƙa Daga Bakin Tafkin Brienz

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ka daɗe kana ƙorafin na yi shiru. To ga ni, kuma da labari a bakina, domin na je wani gari da tun da na sa ƙafa a cikinsa kai nake tunawa, kai da gizagonka.

Sunan garin Brienz, a yankin Bern na ƙasar Suwizalan. Mutanensa kimanin 3,000 ne. Gabansu tafki mai ruwa kore shar, bayansu duwatsu. Daga Interlaken, wani gari da ke ɗaya ƙarshen tafkin, na shiga jirgin ƙasa, tafiyar kusan minti 20.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin sana'arsu ta sassaƙa. A 1816 sanyi da ruwan sama suka lalata amfanin gona a Turai, yunwa ta shigo. Sai wani mutumin garin, Christian Fischer, ya fara sassaƙa 'yan kayayyaki yana sayar wa baƙin da ke zuwa kallon gangaren ruwan Giessbach, can tsallaken tafkin. Ya koya wa wasu, su ma suka koyar. Da abin ya kankama ba su bar shi a hannun gado kaɗai ba. A 1884 suka buɗe wa sana'ar makaranta, kuma har yau tana nan. Shekara 4 ɗalibi yake yi kafin a kira shi masassaƙi.

Na shiga wani ɗakin aiki, ƙamshin itace ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Da itacen linden suka fi aiki, saboda yana da laushi, ba ya gardama da wuƙa. Wata budurwa na gani tana fitar da ganye daga jikin katako, ta jera ƙarafan sassaƙa a gabanta, kowane da irin bakinsa. Na fi rabin sa'a a tsaye, ba ta ɗago kai ba. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, da na tuna ranar da ka ce mini yaranka ba mai son ya gaje ka.

Baƙi sun fi rububin siffofin dabbobi. Ni kuwa hankalina ya tafi ga tsofaffin gidajen katako na layin Brunngasse, da adon da aka sassaƙa a jikinsu.

Kayansu da tsada, faran ɗin aljihuna, wato kuɗin ƙasar, bai kai ni nesa ba. Amma na saya maka ɗan akwati mai furanni a murfinsa. Idan ya iso, ka juya shi ka duba inda aka haɗa kusurwoyin, ka gaya mini ra'ayinka. Ka kuma nuna wa babban ɗanka.

Ka gaida mini Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta.

Wassalam,
Naka har kullum.