Wasiƙar Godiya ga Cibiyar Horar da Makaɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai

Zuwa ga Shugaban Cibiya da dukan malamanta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in yi godiya bisa ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu masu sha'awar tsara waƙa da kiɗa, waɗanda ɗan ƙanena da nake riƙo yana cikinsu. Na zaɓi in faɗa a fili ne saboda iyaye da yawa, har a nan Yamai, sun san sunan cibiyar amma ba su san irin aikin da ake yi a cikinta ba.

A da, wanda zai zama makaɗi a ƙasar Hausa a gida yake gadon sana'ar, ko kuwa ya bi wani babban makaɗi yana ɗaukar masa kaya, ya daɗe cikin ƴan amshi kafin a yarda ya buɗe baki da waƙar kansa. Yaran yanzu galibinsu ba su sami wannan gata ba. Yaro zai haɗa kiɗa a kwamfuta ko a waya, ya biya kuɗin sitidiyo, na'ura ta gyara masa murya, abokai su yi ta yaba masa a Facebook, alhali babu wani masani da ya taɓa zama da shi ya nuna masa inda waƙarsa ta karye. Wannan giɓi ne na ga kun cike, kuma a kansa godiyata ta fi ƙarfi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malamanku, waɗanda su kansu makaɗa ne da ke hawa dandali suna ci da sana'ar, suke ɗaukar waƙar yaro da muhimmanci tun tana ɗanya. Na halarci wani zama inda yaron nawa ya kawo waƙar da ya tsara a kan fiyano, yana ji da ita. Malamin ya sa ya kashe na'urar, ya kife masa ƙwarya a gaba, ya ce ya rera yana buga karin da hannunsa. Ba a je ko'ina ba sai ga baiti na biyu ya fi kiɗan tsawo, yaron yana haɗiye kalmomi don ya cim ma amshi. Malamin bai ba shi gyaran a baki ba, cewa ya yi, "Ɗana, sake rerawa, ka saurari inda numfashinka ya ƙare." Haka suka yi ta yi har yaron da kansa ya yanke abin da ya yi yawa, ya kuma sauya wurin da muryarsa ke hawa sama alhali lafazin Hausa sauka yake bukata, abin da kan sa waƙa ta fita kamar bakin baƙo. Samun mai haƙurin koyar da irin wannan abu ne mai wuya.

Ban yi mamaki ba, domin cibiyar tana da tarihin da ya kai ta haka. Tun da aka kafa ta a 1989 aka sa mata sunan marigayi makaɗi Alhaji Taya, ta zama matattarar manyan makaɗan Nijar. A nan ƙungiyar Mamar Kassey ta Yakuba Mumuni, gwanin sarewa, ta samo tushe a 1995. A nan kuma marigayi Malam Maman Barka, mutumin garin Taskar, ya yi aiki. Shi ne wanda duk da ya riga ya yi suna da gurumi, ya tafi bakin Tafkin Cadi da tallafin UNESCO ya zauna gaban dattijon makaɗi Bukar Tar yana koyon biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsarkiya biyar, a lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Yaron da ya ji cewa babban malami irin wannan ya koma ɗalibi ba zai yi girman kai ba idan an ce ya sake baiti.

Ina kuma yaba muku da ajiyar kayan kiɗan gargajiya da kuka tanada, inda yaran da suka tashi da jita da fiyano suke ganin goge da kalangu da algaita da molo ido da ido, su ji amonsu na gaskiya. Ɗan nawa yanzu ba ya tsara waƙa sai ya bar wa kalangu gurbi, kuma ya fara koyon rubuta kiɗa a takarda da alamominsa, yadda wani zai iya kaɗa abin da ya tsara ko ba ya wurin. Ni da na taso ina jin ana kiran kiɗa roƙo, kuma na yi ɗari-ɗari da farko, hankalina ya kwanta da na ga ana zuwa a kan lokaci, ana gaida na gaba, ana hana yara sa zagi da habaici marar kan gado a waƙoƙinsu.

Roƙona guda ne, ga cibiyar da hukumomin da ke kula da al'adu: a duba yiwuwar kai irin wannan horo Maraɗi da Damagaram da Tawa, ko da lokacin hutun makaranta ne, domin akwai yara masu basira a can da iyayensu ba su da halin turo su babban birni, kuma su ne gobe za su tsaya a gasar makaɗan Nijar ta Ɗan Gurmu da sunan jihohinsu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa malamai lafiya da haƙuri, ya buɗa wa cibiyar hanyoyin samun kayan aiki.

Wassalam.

Naku,
Wani uba daga unguwar Bukoki, Yamai