Takardar Koke Kan Leƙen Asiri Da Jirage Marasa Matuƙa A Gundumarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ne lauyoyi da ma'aikatan sadarwa 'yan asalin wannan gunduma. Muna tare da sojoji wajen yaƙi da 'yan bindiga, amma muna neman a kafa ƙa'ida tun kafin a jingina tsaronmu ga ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ke tantance hotunan jirage marasa matuƙa da bayanan wayoyi da kanta.

Wannan fasaha motsi take karantawa, ba ta san niyya ba. Da dare, zafin jiki kyamarar jirgin take gani, mutum ya fito kamar farin ɗigo, ga shi gorar makiyayi da bindiga kan yi kama daga sama. Babura talatin da suka jero cikin duhu suna iya zama 'yan ɗaurin aure ko masu dawowa daga kasuwa. Ta fuskar waya ma haka ne: rumfar mai caji kan tara wayoyi da yawa wuri guda, sai lissafin na'ura ya haɗa kowa da layin da ake nema, alhali wani layin ma da lambar NIN ta ɗan'uwa aka yi masa rajista. Ko da na'ura tana daidai sau 99 cikin 100, idan ta tantance mutum 10,000 za ta iya shafa wa kusan 100 kashin kaji. A 2019 hukumar NIST mai kula da ma'auni da fasaha ta Amurka ta gano cewa manhajojin gane fuska sun fi kuskure a kan 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas da 'yan Gabashin Asiya.

Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi na nan a zukatanmu, inda jirgin soja ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Mauludi ranar 3 ga Disamba 2023.

Muna roƙon ka isar wa Mai Martaba da kwamandan yanki cewa kada a kai hari ko a kama kowa bisa alamar na'ura kaɗai, sai mutum a ƙasa ya tabbatar. A ba dagatai da masu unguwanni lambar jami'i guda, su riƙa sanar da Mauludi, biki, gayya da ranar kasuwa kwana biyu kafin lokaci, jana'iza kuwa nan take. Wannan sanarwa ce kawai, kada ta koma neman izini, domin sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin taro, na 37 kuma ya kare sirrinmu. A kuma fayyace wanda ke riƙe da hotuna da bayanan wayoyinmu, da wa'adin goge su, da ofishin da wanda aka sa cikin jerin zargi bisa kuskure zai je a cire sunansa.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naku,
Lauyoyi da ma'aikatan sadarwa na gunduma