Wasiƙa daga Damagaram kan mai binciken da ya zo neman shaidarka

Unguwar Zango, Damagaram

Ya aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyalinka a Liyon ta Faransa, saƙonka ya iso, kuma na fahimci damuwarka game da mutumin da ya zo gidanka yana neman bayanin hatsarin motar da aka yi a gaban idonka. Tun da ka san na daɗe ina yi wa wani lauya leƙe-leƙen shaidu a nan, bari in faɗa maka abin da na sani.

Da farko ka kwantar da hankalinka. Mutumin nan ba ɗan sanda ba ne, ba jandarma ba ne, mai bincike ne mai zaman kansa wanda lauya ko kamfanin inshora ya ɗauka, kuma ba shi da ikon tilasta maka magana ko shiga gidanka ba da yardarka ba. Sana'ar tsohuwa ce a can, domin tun 1833 wani mai bincike mai suna Vidocq ya buɗe ofishinsa a Paris, wani mai suna Pinkerton kuma ya buɗe nasa a Shikago ta Amurka wajen 1850. A yau sai da izinin hukumar CNAPS, mai sa ido kan ayyukan tsaro masu zaman kansu, ake yin ta a Faransa, saboda haka ka nemi ya nuna maka katinsa, ka kuma tambaye shi ɓangaren da yake yi wa aiki.

Idan shari'ar neman diyya ce, rubutacciyar shaida zai nema. Sashe na 202 na dokar tsarin shari'ar farar hula ta Faransa ya ce mai shaidar ne zai rubuta da hannunsa, ya sa kwanan wata da sa hannu, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa, ya bayyana ko yana da dangantaka da masu shari'ar, ya kuma rubuta cewa ya san shaidar zur tana da hukunci, wanda ya kai ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 15,000. Idan kuwa maganar laifi ce, binciken yana hannun 'yan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙalin bincike, kamar yadda muke yi a Nijar, iyakar mai zaman kansa ya gano shaida ya sanar da lauya, lauya ya roƙi alƙali ya saurare shi.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne yadda zai yi maka tambaya. Wanda ya iya aikin nan zai ce ka ba shi labarin tun daga fari, ya yi shiru har ka kai aya, sannan ya koma kan wurin da kake tsaye, da hasken da ake ciki, da abin da ka gani da idonka, ya ware shi daga abin da ka ji mutane suna faɗi bayan an taru. Wanda bai iya ba, ko wanda ya zo da manufa, shi ne zai ce maka, "Ai direban gudu yake yi sosai, ko ba haka ba?" A 1974 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Elizabeth Loftus da abokin aikinta sun nuna wa ɗalibai a Amurka fim ɗin hatsarin mota, suka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambaya. Waɗanda aka ce wa motocin sun ragargaji juna sun ƙiyasta gudu mafi yawa, kuma bayan mako guda sun fi sauran cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin.

Ni ba a littafi na fara koyon wannan ba. Bara aka aike ni wani ƙauye a gefen Mirya kan rikicin iyakar gona, wurin wani dattijo da aka ce yana nan lokacin da aka raba gadon. Na yi kuskuren isa da la'asar, na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, kafin mu gama gaisawa rabin gari ya kewaye mu. Duk tambayar da na yi, sai wani ɗan ƙanensa ya riga shi amsawa, tsohon kuwa sai dai ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Na cika shafi uku da maganar da ba tasa ba. Kashegari bayan sallar asuba na koma, na roƙe shi mu taka zuwa gonar mu biyu. Da muka isa sai ya tsaya a gindin wata aduwa, ya zana ƙasa da sandarsa, ya nuna inda layin gamba ya bi kafin a tumɓuke shi. Na tambaye shi shekara, ya ce shi bai san lissafin Nasara ba, amma damina biyu ne bayan El-Buhari, wato yunwar 1984. Ya kuma ce rabon farko bai gani ba, mahaifinsa ne ya ba shi labari. Wannan ya rage wa wanda muke karewa ƙarfi, amma haka na rubuta, domin da na ɓoye, lauyan ɗaya ɓangaren zai tono shi a gaban alƙali da masu ba shi shawara kan al'ada, sauran shaidar duka ta zube.

Babbar matsalarmu a nan ita ce harshe. Mutum zai yi magana da Hausa, a rubuta da Faransanci, ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba, kuma tsakanin "na gani" da "na ji an ce" kalma ɗaya ce take salwanta a hannun tafinta. Shi ya sa nake maimaita wa shaida kowane layi da Hausa kafin ya taɓa tawada. Kai ka yi lakwal, ba ka da wannan uzuri. Kada ka kwafi abin da wani ya tsara maka, kada ka karɓi ko sisi a kan shaidarka, inda ka manta ka rubuta cewa ka manta, kuma ka riƙe kwafi, domin ana iya kiranka kotu bayan shekara a tambaye ka a kan kowace jimla. Tun yau ka zauna kai kaɗai ka rubuta abin da ka tuna, kafin ka sake tattaunawa da maƙwabtan da kuka ga abin tare.

Shari'ar gonar nan tana kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram, dattijon kuwa ya rasu da azumin da ya wuce, Allah ya jiƙansa, yanzu takardar nan ce kawai take magana a madadinsa. Idan mai binciken ya dawo, ka rubuto mini irin tambayoyin da ya yi maka. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka amini,
daga Damagaram