Sanarwa: Muhawarar Daren Juma'a Kan Bayer Leverkusen

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Muhawararmu ta wannan Juma'a, bayan sallar Isha'i, za ta kasance kan kakar Bayer Leverkusen ta 2023/24 a gasar Bundesliga ta Jamus. Ni dai a ganina, ba mu ba wa wannan ƙungiya haƙƙinta ba a nan rukunin, kullum hirar Firimiya ce ke cinye mu.

Wasa 34 suka buga, suka ci 28, kunnen doki 6, ba wanda ya doke su. Maki 90. Ranar 14 ga Afrilu 2024 suka lallasa Werder Bremen da ci 5-0, suka ɗauki kofin karon farko a tarihinsu, bayan Bayern Munich ta shekara 11 a jere tana riƙe da shi. Ɗan ƙasarmu Victor Boniface ne ya fara zura ƙwallo a ranar, Wirtz ya ƙara uku.

Tambayar da za mu tattauna: sirrin wannan nasara dabarar Xabi Alonso, kocinsu na lokacin, ce, ko ƙwarewar ƴan wasa irin su Xhaka da Grimaldo?

Don Allah kowa ya zo da hujja, banda zagi. Saƙon murya kada ya wuce minti biyu.